Lafiyar Ɗalibai a Makarantun Karkara: Tambayoyin da Iyaye da Malamai Suka Fi Yi

Duk wanda ya saba zaman taron iyaye da malamai a ƙauyukan Kano da Jigawa ya san waɗannan tambayoyi, don kowane zango sai sun dawo, wani lokaci daga bakin mai unguwa, wani lokaci daga uwar da ta aiko da saƙo ta hannun malama. Mun tattara su wuri guda, muka fara da masu sauƙi. Duk inda amsa ta taɓo magani, maganar ma'aikacin lafiya na asibitin da ke kusa da ku tana gaba da tamu.

Me ya haɗa makaranta da lafiyar yaro? Ashe ba aikin iyaye da asibiti ba ne?

Nasu ne, amma daga ƙarfe takwas zuwa azahar yaron yana hannun malam. A firamaren ƙauye ba abin mamaki ba ne ka tarar da yara tamanin a aji guda, kafaɗa da kafaɗa a kan tabarma, suna sha da moɗa ɗaya. Tarin da yaro guda ya shigo da shi ranar Litinin, kafin Juma'a ya zaga ajin. Malam kuma yana da damar da uwa ba ta da ita, domin yana ganin yaro a tsakiyar sa'anninsa. Shi zai fara lura wane ya rame, wance ta daina wasa, wane kullum sai ya matso gindin allo.

Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar kula da lafiya a makarantu tun 2006, wadda ta ƙunshi tsaftar muhalli, ciyarwa, koyar da kiwon lafiya, duba lafiyar ɗalibai, da alaƙar makaranta da gida. Takardar ba ta da laifi, sai dai da wuya ka same ta a durowar hedimastan ƙauye, kuma mafi yawan abin da za mu faɗa a nan ba sai an jira ta ba.

Ba mu da kuɗi. Daga ina za mu fara?

Daga ruwa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga makarantar jeka-ka-dawo shi ne lita 5 ga kowane mutum a rana. Makaranta mai yara 300 ke nan tana buƙatar lita 1,500, wato jarka 60 mai cin lita 25. Da an yi wannan lissafi a gaban iyaye, kowa zai gane randa biyun da ke ofishin hedimasta ba su kai ko'ina ba. Sau da yawa ma famfon tuƙa-tuƙa yana nan a harabar, wani ɗan ƙarfe ne ko roba ya lalace aka yi watsi da shi, alhali karo-karon ranar kasuwa ɗaya zai tashe shi.

Kafin a gyara, a sa randa mai murfi a kowane aji, da moɗa mai dogon mariƙi wadda ake ɗiba da ita kawai, ba a kai ta baki. Kowane yaro ya zo da gorarsa. Abu ɗaya da muke roƙon iyaye manoma: robar maganin feshi ko ta fiya-fiya ba ta zama gorar ruwa, ko sau nawa aka wanke ta. A bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, a taƙaita asambuli, a yi ta a inuwa, kuma a bar yaro ya sha ruwa ko ana tsakiyar darasi.

Wurin wanke hannu ba ya buƙatar kwangila. A huda ƙaramar jarka kusa da bakinta, a rataye ta a reshe ko sanda, a ɗaura igiya zuwa itacen da ake takawa da ƙafa, ruwa ya tsiyayo. A ɗaure sabulu a gefe, in babu a ajiye toka. Lokaci biyu ne ba sassauci: bayan fitowa daga masai, da kafin cin abincin tara.

An gina mana masai, amma yara bayan aji suke zagayawa. Me ya sa?

Je ka leƙa masan da kanka, amsar tana ciki. Ko dai an kulle shi makullin yana aljihun malami, ko ba ƙofa, ko mutanen gari sun ɓata shi da yamma, ko ramin ya yi wa ɗan aji ɗaya faɗi yana tsoron faɗawa. Yawa ma yana da tasiri: shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce rami ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya ga maza 50 tare da wurin fitsari, kuma ramin ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30.

A Oktoba 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta daina bahaya a fili. Abin alfahari ne, amma shaidar ba ta share masai. Sai an tsara wanda zai wanke kowace rana, aji-aji, maza da mata kowa nasa, da buta da ruwa a ƙofa. Kada a mai da wankin masai horon mai laifi, domin daga ranar yara za su ɗauke shi wurin wulaƙanci.

Yarana sukan fita ba su karya ba. Yana da illa sosai?

Yana da ita. Yaron da rabonsa da abinci tun tuwon dare, kafin ƙarfe goma hankalinsa ya bar allo. Abin ya fi tsanani a Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba. Ɗumamen tuwo, koko da ƙosai biyu, ɗanwake, ko dafaffen dankali da ƙuli-ƙuli a leda, duk sun wadatar. Kwaɗon zogale ko rama, wake, gyaɗa da awara suna taimakawa wajen ƙarancin jini, wanda shi ne ke sa yara da yawa kasala da barci a aji.

Shirin ciyar da 'yan aji 1 zuwa 3 na Gwamnatin Tarayya ya fara a 2016 a kan naira 70 kowane kwano, daga baya aka mai da shi 100, kuma ya sha tsayawa. Kano ma ta yi nata a zamanin Kwankwaso. Idan ya zo, madalla, a sa ido a kan tsaftar mai dafawa da yawan abin da ake zubawa. Amma uwa kada ta hana ɗanta karin kumallo don ana sa ran abincin gwamnati.

A kori masu talla daga bakin makaranta?

A'a. Da yawansu 'ya'yan garin ne, kuma da kuɗin tara yara ke samun abin da ke riƙe su zuwa tashi. A ware musu wuri mai nisa da masai da juji, a ce dole abinci ya kasance a rufe, a riƙa ɗiba da cokali. Abin da ya fi cancantar sa ido shi ne ƙanƙara da zoɓon da ba a san ruwan da aka haɗa su da shi ba.

Mene ne maganin da ake raba wa yara ana auna tsayinsu da sanda? An ce yana sa su jiri.

Magani iri biyu ake rabawa. Na farko na tsutsar ciki ne, albendazol ko mebendazol, ƙwaya ɗaya ake taunawa. Na biyu, wanda ake auna tsayi kafin a bayar, sunansa farazikwantel, maganin tsargiya ne. Sandar tana nuna ƙwaya nawa ta dace da girman yaron. Gaskiya ne wasu kan ji jiri, tashin zuciya ko murɗawar ciki, musamman masu tsutsa da yawa da waɗanda suka sha da yunwa, kuma yakan wuce cikin 'yan awoyi. Shi ya sa ya kamata hedimasta ya sanar da iyaye tun ana gobe, kowane yaro ya ci ya ƙoshi, wanda ba shi da lafiya ranar a ɗaga masa.

Tsargiya ta fi yawa inda ruwa ke kwanciya: yankin noman rani na Kadawa da Kura, kewayen madatsun Tiga da Challawa, da fadamun Haɗeja. Mai cutar ya yi fitsari a kududdufi ko magudanar ban ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, ya fito ya huda fatar yaron da ke wanka ko kamun kifi. Ba sai ya sha ruwan ba. A wasu garuruwa har ana ɗaukar fitsarin jini alamar balagar namiji saboda yawan masu yin sa. Cuta ce, tana shanye jini, kuma in ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda. 'Yan mata ma suna kamuwa wajen wanki da ɗibar ruwa, sai dai su kunya ke hana su faɗa.

Maganin yana kashe tsutsar da ke jiki, ba ya hana sabuwa shiga. Ce wa yaron fadama ya daina shiga ruwa kamar ce wa kifi ne, don haka ake maimaita rabon, kuma don haka masai mai aiki (duba amsarsa a sama) yake cikin maganin.

Yaro ya yi zazzaɓi a aji. Malam zai iya ba shi magani?

Malam ba likita ba ne. Abin da zai yi: ya kwantar da yaron a inuwa, ya ba shi ruwa, ya shafa masa jiƙaƙƙen tsumma, ya aika a kira na gida. Farasitamol daidai shekarunsa ba laifi idan iyaye sun amince tun farko. Asfirin kuwa ba a ba yara. Daga nan sai asibiti a yi gwajin ɗan yatsa, domin ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. In an tabbatar, maganin na kwana uku ne, a shanye duka ko yaro ya miƙe a rana ta biyu.

Wasu iyaye kan ce ai ana raba maganin kariya gida-gida da damina. Wannan na 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 ne. Ɗan firamare ba ya ciki, kuma sau da yawa shi ne ke kwana a tsakar gida ba gidan sauro saboda an bar wa uwa da jariri.

Yaushe ya kamata a tsare yaro a gida, yaushe kuma za a ruga asibiti?

A tsare shi idan yana zazzaɓi, amai ko gudawa. Mai ƙyanda ya zauna aƙalla kwana huɗu bayan ƙurajen sun fito, mai ƙarambau har su bushe. Ƙazwa da makero ba sa hana karatu da zarar an fara magani, amma ƙazwa sai an yi wa duk gidan, makero kuma yana bin aska, mataji da hular aro.

Uku ne ba a kwana da su. Mashaƙo, wanda ya ɓarke a ƙarshen 2022 kuma Kano ta fi kowace jiha jin jiki: ciwon maƙogwaro, kumburin wuya, da wata fata mai ruwan toka a can cikin maƙogwaron. Sanƙarau, mai zuwa da rani, wanda ya addabi sassan Jigawa a 2023: zazzaɓi, matsanancin ciwon kai, wuya ya ƙage, yaro yana gudun haske. Sai amai da gudawa, mai zawo kamar ruwan shinkafa, wanda a 2021 ya yi ɓarna a jihohin biyu. Ga wannan na ƙarshe a fara ba da ruwan gishiri da sukari tun a hanya. In babu na sacet, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita 1 ta ruwa mai tsafta. Idan yara biyu ko uku a aji ɗaya suka nuna alama iri guda cikin mako, hedimasta ya sanar da asibitin mazaɓa a ranar.

Ana zuwa yi wa yara allura a makaranta. Dole ne mu yarda?

Kuna da haƙƙin a gaya muku tun kafin ranar: wace allura ce, ta wace cuta, wa ya turo. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a 1996 ba, don haka wanda ya yi tambaya bai yi laifi ba, kuma ma'aikacin da ya ƙi amsawa shi ya jawo wa kansa gudu. Hanya mafi kyau ita ce a bi ta hannun dagaci da liman, a tara iyaye a yi bayani.

Bayan haka, ra'ayinmu a yarda. Mafi yawan yaran da mashaƙo ya kama ba su da cikakken rigakafi. Shan inna na daji da ya gurgunta yara a garuruwanmu, rigakafi ne ya kai ga tabbatar da ƙarewarsa a Afirka a 2020. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i biyar. Ita kuwa allurar 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 da aka fara a Oktoba 2023, Kano da Jigawa na cikin rukunin farko, tana kariya ne daga ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa. Sau ɗaya ake yin ta, kuma ba ta hana haihuwa.

'Yata ta fara al'ada, yanzu duk wata sai ta yi fashin kwana uku ko huɗu.

Ki tambaye ta a keɓe, Hajiya, za ki ji ɗayan uku: ciwon mara, rashin abin tsare jiki, ko tsoron ta ɓata hijabi maza su gani. Audugar mata ta yi tsada, amma ƙunzugun yadi mai laushi yana aiki idan ana sauya shi a kan kari, a wanke da sabulu, a shanya a rana. Shanya shi a ƙarƙashin katifa saboda kunya ne ke kawo ƙaiƙayi. Ciwon da ke kwantar da ita ko jinin da ya wuce mako, a kai ta asibiti.

Nauyin makaranta shi ne masan mata daban mai sakata ta ciki da ruwa, da mace babba da yarinya za ta iya raɗa wa magana. Makarantun ƙauye da yawa ba malama ko ɗaya. A irin wannan hali a roƙi wata uwa daga kwamitin makaranta, ko ungozoma, ta riƙa leƙowa, a ajiye mata zane da ƙunzugu na ko-ta-kwana.

Akwai mai farfaɗiya da mai sikila a ajina. Yaya zan yi da su?

Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko taɓawa, a faɗa wa 'yan ajin wannan ƙarara. Idan ta tashi, a janye benci da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, in jijjigar ta lafa a juya shi gefe. Ba a tura cokali a baki, ba a danne shi, ba a ɗura masa ruwa ko rubutu yana cikin halin. In ta wuce minti 5, asibiti. Akwai maganin da ke hana ta tashi idan ana sha kullum, kuma addu'a ba ta hana shan sa.

Mai sikila ruwa yake so da yawa, da izinin fita fitsari ba tare da dogon bayani ba, da rigar sanyi a hunturu. Ba ya tsallen kwaɗo, ba ya noman gonar makaranta a rana. Zazzaɓi a wurinsa na gaggawa ne. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da ƙwayar halittar sikila guda ɗaya (AS) ba tare da ciwon ba, saboda haka da wuya babbar makaranta ta rasa mai sikila.

Yaro yana zuwa kullum amma ba ya gane komai. Daƙiƙi ne?

Kafin a yanke masa wannan hukunci a gwada abu uku. A rubuta haruffa a allo, a tsayar da shi nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya ya karanta, sannan ɗayan. A tsaya bayansa a kira sunansa a hankali, a kuma duba ko kunnensa na zubar da ruwa. A ja fatar idonsa ta ƙasa a ga ko ta yi fari fat, alamar ƙarancin jini, wanda yunwa, tsutsa ko tsargiya ke kawowa (duba amsoshinsu). Sai a tambayi ƙarfe nawa yake kwanciya. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, amma ga makarantar asuba, ga boko, ga Islamiyya, ga talla ko kiwo, ga kallo a dandali da dare.

Ba a gyara yaro sai da bulala. Ko kun ce a daina?

Masu wannan magana kan kawo karin nan na icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, tanƙwarawa aka ce. Mari a kunne yana iya fasa dodon kunne, bulala a fuska ta sha tsiyayar da ido, kuma yaron da ake zanewa don makara sau da yawa daga rijiya yake ko daga kai wa baba abinci gona. Dukan ba zai matso da rijiyar kusa ba, sai dai ya sa gobe ya ƙi zuwa gaba ɗaya. Mafi muni shi ne ba monita bulala. Jigawa ta sa hannu a dokar kare yara a 2021, Kano a 2023, don haka malamin da ya raunata yaro yana iya tsintar kansa gaban hukuma. Hana wasan tara na ɗan lokaci, sharar aji, ko kiran uba gaban hedimasta sun fi tsorata yawancin yara.

Yarinya mai fara'a ta koma shiru, ba ta son zuwa. Me za mu duba?

Wataƙila rasuwa ce ko rabuwar iyaye, ko tsangwamar 'yan aji, ko maganar aure da ta ji ana yi. Wataƙila kuma wani ne ke tare ta a hanya ko a cikin makarantar. A samu wadda ta yarda da ita ta zauna da ita ba tsawa. Idan ta ambaci cin zarafi, a gaskata ta tukuna, kada a tara mata jama'a, kuma a kai ta asibiti cikin awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki ke aiki. Akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, akwai irinta a babban asibitin Dutse. Sulhun da ake yi a zaure a rufe magana, mai laifin kawai yake amfana.

Ga samari 'yan ƙaramar sakandare kuwa, jan ido, barci a aji da sababbin abokai manya na iya nuna an fara sholisho ko ƙwaya. Kora daga makaranta tana miƙa shi ne ga masu sayarwa.

Me za mu zuba a akwatin taimakon gaggawa?

Sabulu, auduga, bandeji, filasta, aidin, almakashi, safar hannu, ma'aunin zafi, farasitamol, da sacet ɗin ruwan gishiri da sukari. Ban da allura, ban da kafso. Ciwo a wanke shi da ruwa da sabulu, ba a zuba masa ƙasa. Haɓo, yaro ya sunkuya gaba ya matse hancinsa minti 10. Ƙuna, ruwa mai sanyi minti 20, ban da man goge baki. Cizon kare, a wanke da sabulu minti 15 sannan a nemi allurar haukan kare. Saran maciji, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure tamau: a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa babban asibiti. A manna lambar ma'aikacin lafiya da ta mai babur biyu a cikin murfin akwatin.

Abin da ya fi ƙarfinmu, wa za mu kai wa?

A fara da kwamitin gudanar da makaranta (SBMC), inda mai gari, liman, iyaye maza da mata, tsofaffin ɗalibai da wakilan yara ke zama. Daga nan takarda zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi ya miƙa wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), a ba hakimi da kansila kwafi. Maganar rijiya da masai tana kuma da hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha. Takardar da ta ce "muna cikin wani hali" takan kwana a fayil. Wadda ta ce yara 412, rami 2, famfo ya mutu tun watan Rajab, ta fi samun mai karantawa. Don haka malamin aji ya riƙa rubuta dalilin fashi a gefen rajista: zazzaɓi, gudawa, gona, biki.

Garuruwan bakin kogin Haɗeja, irin su Ringim, Auyo da Guri, suna da ƙarin aiki, domin a shekarun ambaliya kamar 2022 azuzuwa ne ke zama mafakar jama'a. Kafin yara su koma, a kwashe ko a rufe masan da ya cika, a wanke azuzuwa da ruwan bilic, a nemi ma'aikacin tsafta ya zuba wa rijiya kulorin, kuma a duba bangon da ya sha ruwa kafin a zaunar da yara a gindinsa.